Kalmar sirri: makullin shagon Alhaji yana aljihun wa?

Duk wanda ya yi hulɗa da manyan ƴan kasuwar Ƙonni da Malbaza a shekarun 1990 ya san akwatin ƙarfen nan da ake ajiyewa a ƙuryar ɗaka. A cikinsa littafin bashi yake, da takardun duwan, da rasit na fatanti, da takardun filaye. Makullinsa kuwa ba ya rabuwa da aljihun mai gida ko masallaci za shi. Yau akwatin yana nan a gidaje da yawa, amma abin da ke cikinsa ya yi ƙaura. Takardar ɗaukar siminti, da faktir, da lissafin buhunan albasar da aka loda a Galmi ko Tsarnawa za a kai Abijan da Akra, duk sun koma cikin kwamfuta da wayar salula, suna yawo ta WhatsApp daga hannu zuwa hannu. Makulli ma ya sauya kama, ya zama ƴan haruffa da lambobi da ake kira kalmar sirri, ko kod a bakin ƴan ofis. Abin da ba a tsaya aka bincika ba shi ne a aljihun wa sabon makullin ya faɗa.

Ba ƴan kasuwa suka roƙi wannan ƙaura ba, tura su aka yi. Manyan ofisoshin duwan, har da na Ƙonni, suna aiki da tsarin SYDONIA, wanda hukumar ciniki ta Majalisar Ɗinkin Duniya, CNUCED, ta ƙirƙiro a farkon shekarun 1980, saboda haka fiton kaya ya zama aikin mai na'ura. Daga 2021 hukumar haraji ta wajabta faktir mai tabbaci ta hanyar SECeF, ta kuma buɗe e-SISIC domin bayyana haraji daga nesa. A Malbaza, inda ake yin siminti tun tsakiyar shekarun 1960, sabon kamfanin da ya fara aiki a ƙarshen 2018 an gina shi ne don ya fitar da ton 650.000 a shekara, kuma ciniki mai girman haka ba ya tafiya da littafin makaranta da alƙalami. Sannan ga iyaka. Najeriya ta rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. A waɗannan watanni, abokan cinikin da suka saba haɗuwa ido da ido tsakanin Ƙonni da Illelar Najeriya sun koyi yin komai ta waya, kuma da aka buɗe iyakar ba su koma yadda suke a da ba.

Hukuma ta kawo na'ura, ta kawo doka, ta kawo tara ga wanda bai bi ba. Abin da ba ta kawo ba shi ne darasin kulle ƙofa.

A duba yadda aiki ke tafiya a gidan ɗan kasuwa mai matsakaicin ƙarfi. Alhaji ya yi karatun allo, yana lissafi da ka wanda ya fi na mai digiri, ya san kowane direba da kowane dillali daga Dogarawa zuwa Badagishiri, amma faransanci bai zauna masa ba, balle harshen na'ura. Sai ya ɗauki yaro ɗan boko, ɗan ƙanensa ko ɗan maƙwabci, ya zaunar da shi gaban kwamfuta. Yaron ne ya buɗe adireshin imel na shago da lambar wayarsa ta kansa. Shi ya zaɓi kalmar shiga shafin haraji, shi ya kulle fayil ɗin bashi, shi ne kuma ya san wadda mai fito ya bayar. A takarda shagon na Alhaji ne, rajista da sunansa, lambar NIF da sunansa, tara ma idan ta zo kansa za ta faɗa. Amma a aikace ba ya iya buɗe lissafin dukiyarsa sai yaronsa ya dawo daga cin abinci.

Za a ce ai amana ce, kuma da amana aka gina kasuwancin Adar da Ƙonni tun zamanin fatake. Gaskiya ne, kuma mafi yawan waɗannan samari masu riƙon amana ne, suna aikin da ya fi albashinsu. Sai dai maganar ba ta tsaya ga cin amana ba. Yaro yana samun aiki a Yamai ya tafi. Yana ɓatawa da mai gida a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Wayarsa tana faɗawa ruwa, ko a fizge ta a tasha, alhali ta cikinta ne kaɗai ake karɓar saƙon sabunta kalmar da aka manta. Mutuwa kuma ba ta sallama. Mahaifin Alhaji, duk yardar da ya yi wa yaran gidansa, bai taɓa miƙa wa ɗayansu makulli ɗaya tilo na akwati ba tare da ya riƙe wani a wurinsa ba, kuma babu yaron da ya ɗauki hakan zagi.

Inda abin ya fi ciwo shi ne ranar rabon gado. Shari'a ta ce a biya bashin mamaci kafin a raba dukiya, kuma bashin da yake bin mutane yana cikin abin da marayu za su gada. Ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. To, idan rubutun yana cikin fayil da aka kulle da kalmar da ta bi mai ita kushewa, an rubuta ke nan ko ba a rubuta ba? Wanda ake bi zai yi shiru, wanda ke bi zai zo da ƙari, alƙali kuwa ba ya hukunci da abin da bai gani ba. Kulli irin na zamani, wanda ake kira AES, ba kwaɗon kasuwa ba ne da za a kira maƙeri ya fasa. Idan kalmar mai ƙarfi ce kuma ta ɓace, ko kamfanin da ya yi manhajar ba shi da ta yi. Dokar OHADA, wadda Nijar ke cikin ƙasashen da suka rattaba wa yarjejeniyarta hannu a 1993, ta wajabta wa ɗan kasuwa ajiye takardun lissafinsa shekara 10. Wane ne zai rantse cewa kalmar da yaron shago ya zaɓa yau za a tuna da ita bayan shekara 10?

Maganin wannan bai kai kuɗin buhun siminti ba. Adireshin shago a buɗe shi da lambar wayar mai shago. Manyan kalmomin a rubuta su a takarda, a sa a ambulan, a liƙe, a sa hannu a bakin liƙin, a ajiye cikin akwatin ƙarfen nan na gado, mutum biyu amintattu su san da zamanta. Masu iyayi za su ce ba a rubuta kalmar sirri. Wanda ake tsoro a intanet ba ya iya miƙo hannu daga wata ƙasa ya buɗe akwati a ƙuryar ɗakin Malbaza. Takardar da ke da haɗari ita ce wadda aka manna a jikin kwamfuta, kowa ya shigo ya karanta. Ranar da yaro ya bar aiki kuwa, da daɗi aka rabu ko da faɗa, a sauya kalmomi kafin rana ta faɗi.

Akwai kuma ruɗin da ya kamata a warware, domin da yawa suna barci da ƙofa a buɗe suna zaton sun kulle. Takardar PDF tana ɗaukar kalma iri biyu. Ta farko tana hana a buɗe takardar gaba ɗaya, ita ce kullin gaskiya. Ta biyu tana barin a karanta, sai dai ta ce kada a gyara ko kada a buga, kuma wannan roƙo ne kawai, akwai manhajojin kyauta da ke cire ta kafin a ƙifta ido. Haka nan kulle shafi a cikin Excel don kada a taɓa lissafi ba ya ɓoye komai. Wanda ke son ɓoyewa dole ya kulle fayil ɗin dungurungum. Fayilolin tsofaffin Word da Excel na 1997 zuwa 2003, waɗanda har yanzu ake gadon su a ofisoshi, kullinsu ya daɗe da zama na kara.

Ita kanta kalmar, yawanci ba a sha wahala wajen gano ta. Lambobin 123456 sun shafe shekaru suna sahun gaba a jerin kalmomin da aka fi amfani da su a duniya, masu na'urar faransanci kuma suna da tasu, azerty, wato haruffa shida na farkon layi. Wani ya sa ranar haihuwarsa, alhali dubban ma'aikatan da aka yi wa takardar haihuwa daga baya duk ranar 1 ga Janairu aka rubuta musu. Wani ya sa lambar wayarsa, wadda ke rubuce ɓaro-ɓaro a allon shagonsa. Mutane suna kwatanta abin da katin banki, inda lamba huɗu ta isa, sun manta cewa na'urar banki tana riƙe kati bayan kuskure uku. Fayil ba shi da mai gadi. Wanda ya kwafe shi zai kai shi gida ya sa kwamfuta ta yi ta gwadawa dare da rana. Lamba huɗu hanya 10.000 ce kawai. Lamba takwas irin ta wayar Nijar hanya miliyan 100 ce, abin da na'ura mai ƙarfi ke gamawa cikin sa'o'i, wani lokaci ma mintoci. Abin da ke gajiyar da ita tsawo ne: kalmomin Hausa biyar ko shida da babu abin da ya haɗa su, a jere, sun fi wata gajeruwar kalma mai cike da alamomi ƙarfi, kuma sun fi ta sauƙin riƙewa ga wanda ya haddace izu sittin. Ban da karin magana sananne, domin abin da kowa ya sani ba sirri ba ne.

Sai kuma al'adar da ta fi kowace yaɗuwa: a aika takarda a kulle, a biyo ta da kalmar a saƙo na gaba, cikin hira ɗaya. Mutanen da ke yin haka su ne kuma ba za su taɓa yarda su faɗi kod ɗin karɓar kuɗi na Nita ko Al Izza a gaban jama'a ba. Hankalin yana nan, ba a dai kai shi ga takarda ba. Takarda ta bi ta imel, kalma ta bi ta kiran waya, shi ke nan.

Duk da haka, kada a ɗora wa kalmar sirri kayan da ba nata ba. Makulli ce, ba hatimi ba. Tana hana baƙo karantawa, amma ba ta shaida cewa wanda ya aiko shi ne wanda yake cewa shi ne. Damfarar da ta fi cin manyan kuɗi a kasuwancin duniya ba ta buƙatar fasa komai: a shiga imel ɗin mai sayarwa, a jira ranar biya, a aika faktir iri ɗaya sak da ta gaske, lambar asusun banki kaɗai aka sauya. Hukumar FBI ta Amurka ta ƙiyasta asarar da aka kai mata ƙara a kan irin wannan zamba a 2023 da dala biliyan 2,9. Kuma abin ba na Turawa kaɗai ba ne. A Nuwamban 2022 kamfanin Group-IB da masu tsaron na'urorin Orange sun fallasa wani gungu mai magana da faransanci da suka raɗa wa suna OPERA1ER, wanda ya sace aƙalla dala miliyan 11 daga bankuna da kamfanonin sadarwa tsakanin 2018 da 2022, kuma Nijar tana cikin ƙasashen da aka lissafa. Da saƙonnin imel na bogi suke shiga, wasu da kamannin takardun hukumar haraji. Ɓarayi ma sun iya kulle takarda: sukan aiko guba a cikin fayil mai kalmar sirri da gangan, don manhajar tsaro ta kasa leƙa cikinsa. Abin da ke tabbatar da asalin takarda shi ne sa hannun lantarki, wanda dokar 30 ga Afrilun 2019 kan mu'amaloli ta hanyar lantarki ta amince da shi, ko alamar QR da ke jikin faktir mai tabbaci. Wanda ba shi da waɗannan yana da abin da kakanni suka bari: idan lambar asusu ta sauya, a kira mutumin ta lambar da aka san shi da ita tun da, a ji muryarsa, kafin dala ɗaya ta fita.

Ma'aikatan gwamnati kada su yi dariya, tasu ta fi. A ofisoshi da yawa kalma ɗaya ce ake yi wa karo-karo, daga shugaba har ɗan koyon aiki. Ranar da aka goge wani layi ko aka ƙara sifili a wani adadi, na'ura za ta ce mai asusun ne ya yi, kuma mai asusun, wanda galibi shi ne ƙarami, shi zai amsa a gaban mai bincike. Ma'aikacin da ya ba abokinsa kalmarsa don a rage layi ya ba shi sa hannunsa ne a farar takarda. Idan injin bugawa ya lalace ko tawada ta ƙare, sai a ɗauki jerin albashi, ko kwafen katin ɗan ƙasa na mutum ɗari, a kai shagon buga takardu na bakin titi, a buga, a tafi a bar kwafi a kwamfutar da kowa ke zama. Alhali ƙasar nan tana da dokar kare bayanan mutane tun 3 ga Mayun 2017, an sake ta a Disamban 2022, tana kuma da dokar 3 ga Yulin 2019 mai hukunta kutse cikin na'urar wani. Dokoki suna Yamai, kwafin yana Malbaza.

Ɗaya gefen kuma shi ne ma'aikacin da ya mayar da kalmar sirri gonarsa. Ya kulle komai, shi kaɗai ya sani, don kada a iya yin aiki sai da shi, kuma kowa ya san abin da ake nufi idan aka ce takarda ba ta fita sai wane ya zo. A 2008, a birnin San Faransisko na Amurka, wani injiniya mai suna Terry Childs ya ƙi miƙa kalmomin hanyar sadarwar hukumar birni ga shugabanninsa, har sai da magajin gari Gavin Newsom ya taka da kansa zuwa gidan kaso ya karɓo su. A 2010 aka yanke masa ɗaurin shekara huɗu. Idan birni mai arzikin wannan ya rasa makullin hanyar sadarwarsa saboda mutum ɗaya, ina ga ƙaramar hukuma mai kwamfuta biyu?

Nan ne maganar ta bar hannun masu na'ura ta shigo fagen siyasa. Ba kowace takarda ce ta cancanci makulli ba. Farashin da ɗan kasuwa ya sayo kayansa sirrinsa ne. Takardar asibitin ma'aikaci da albashinsa sirrinsa ne. Amma kasafin kuɗin ƙaramar hukuma, da kuɗin da aka tara a kasuwa da tasha, da sunan wanda aka ba kwangilar gina aji da nawa aka ba shi, waɗannan dukiyar talakan da ya biya lamho ce. Tun babban taron ƙasa na 1991, wanda ya kafa kwamitin binciken laifuka da almundahana, ƴan ƙasa suka ɗanɗana abin da ke fitowa idan aka buɗe durowar hukuma. Dokar 23 ga Fabrairun 2011 ta ba ɗan ƙasa haƙƙin neman takardun mulki. Binciken kwangilolin ma'aikatar tsaro da ya fito a 2020, wanda ya yi maganar sefa biliyan 76, ya nuna irin abin da ke girma a ƙarƙashin kalmar nan ta sirri idan babu mai leƙawa. Abin takaici, an juya al'amarin: takardun da ya kamata a kulle suna yawo a wayoyi, waɗanda ya kamata a manna a allon ofis kuma su ne ake cewa suna cikin na'ura, mai kod ya yi tafiya. A da cewa ake yi mai makulli ba ya nan. Ɗan jaridar da zai bi diddigi kuwa dole ya tuna cewa gyaran da aka yi wa dokar intanet a Yunin 2024 ya maido da ɗauri a kan ɓata suna da yaɗa bayanan da aka ce suna iya ta da hankalin jama'a.

A Afrilun 2024 an rusa majalisun ƙananan hukumomi a faɗin ƙasa, aka naɗa masu riƙo a madadin zaɓaɓɓun magadan gari. A kowane irin wannan sauyi, kamar kowane canjin wurin aiki, ana zama a rubuta takardar miƙa aiki: mota nawa, babur nawa, kujera nawa, hatimi nawa, kuɗi nawa a asusu. Har kwamfutar kanta ana ƙirgawa, da lambarta. Abin da ke buɗe ta ne ba kasafai ake tunawa da shi ba, sai wanda ya tafi ya isa Difa ko Agadas a shiga nemansa a waya ana lallashi.

Wannan ba ya buƙatar sabuwar doka, ko taron ƙara wa juna sani a otel da kuɗin zama. Takardar umarni ɗaya daga gwamnan jihar Tawa zuwa ga gundumomin Ƙonni, Malbaza da Illela ta isa ta ce kowane ma'aikaci ya shiga na'ura da sunansa da kalmarsa, a ajiye manyan kalmomin kowane ofis cikin ambulan liƙaƙƙe wurin shugaban ma'aikata, kuma kada a sa hannu a takardar miƙa aiki sai mai karɓa ya zauna ya buɗe fayilolin da hannunsa a gaban shaidu. Ofishin ƴan kasuwa na Tawa da ƙungiyoyin masu albasa da masu siminti su kuma su ɗauki nauyin bayani da Hausa a gidajen rediyon karkara, a kira iyayen gida da kansu, kada a ce su aiko yaransu su wakilce su, tun da yaran sun riga sun san kalmar.